“Da Sauƙi” a Ɗakin Mai Allura

Mahaifina wanzami ne. Ya yi shekara arba'in da wani abu yana aski da ƙaho da cire belu a unguwarmu a Kano, har idonsa ya fara rauni ya rataye zabira. Bayan rasuwar mahaifiyarmu na matsa masa lamba ya zo wurina New York ya huta, ya ga jikoki. Ya iso a shekarar da ta biyo bayan wata guguwa da ta cika ramukan jirgin ƙasa na garin da ruwa. Muna zaune a unguwar Jamaica, hawa na uku. Ni ina lodin kaya a filin jirgi, maiɗakina kuma tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Ka ji abin haushi: kullum sai ta fita ta yini tana juya iyayen wasu a gado, namu yana gida shi kaɗai, daga shi sai talabijin mai yaren da ba ya ji.

A wata na biyar bayansa ya fara ciwo. Ba shi ya faɗa ba. Gani muka yi yana dafa bango in zai hau matakala, in ya zo tashi daga kujera sai ya yi bismillah sau biyu. Na kai shi asibiti. Muka zauna tun hantsi har azahar ta wuce, sannan aka kira mu wurin wani likita matashi wanda idonsa bai bar kwamfuta ba. Ya ce in tambayi Baba, daga ɗaya zuwa goma, ciwon nawa ne.

Baba ya dube ni. “Ciwon ne ake ƙirgawa kamar goro?”

Na ce haka suke yi a nan.

“To ce masa alhamdulillahi.”

Na juya na ce wa likita uku. Ban san inda na samo ukun nan ba, daga kaina na ƙago ta don mu tashi. Aka ba mu ƙwayoyi. Baba ya sha su kwana huɗu, suka riƙa kwantar da shi har la'asar ta kuɓuce masa sau biyu, sai ya tura kwalbar ƙarƙashin katifa. Ya ce mutumin da ko hannunsa bai taɓa ba, ta ina zai san abin da ke damunsa? Ya rantse ba ya komawa, kuma wanda ya san Baba ya san an gama magana.

Wani abokin aikina, mutumin zangon Kumasi, shi ya ba ni labarin wata tsohuwa 'yar Caina a unguwar Flushing wadda ta gyara masa kafaɗa. Ya ce allurai take tsirawa, tana kuma kafa ƙaho da kofin gilashi. Da na kawo wa Baba labarin bai kula da zancen allura ba. Kalmar ƙaho ce ta sa ya miƙa hannu ya ɗauki hularsa.

Talata ce ranar hutuna, ita muka tsayar. Bas ɗaya ne daga Jamaica zuwa Flushing. Wurin matar yana saman wani shagon kifi, sai ka bi wata 'yar siririyar matakala, ƙarni yana raka ka har rabin hanya, daga nan wani wari mai ɗaci na ganyen da take ƙonawa ya karɓe ka. A bango akwai hoton mutum an zana masa layuka tun daga ka har yatsun ƙafa, ko'ina ɗige-ɗige. Ita kanta 'yar ƙarama ce, furfura fal, tabarau rataye a wuya da zare. Turancinta guntu-guntu ne amma ana ganewa. Baba kuwa ko “zo in kashe ka” bai sani ba da Turanci. Don haka duk abin da zai wuce tsakaninsu sai ya bi ta bakina.

Na zaci da mun shiga za ta ce ya kwanta ta soka masa allura a inda ke ciwo. Ina! Kusan awa guda tana tambaya. Yaya barcinsa? Sau nawa yake tashi fitsari? Ruwan sanyi yake so ko na ɗumi? Ƙafafunsa suna yin sanyi? Bakinsa yana ɗaci da safe? Yana yawan fushi ko yawan tunani? Har bayan gida sai da ta tambaya, launi da kauri, ni ina sunkuyar da kai ina neman yadda ɗa zai tambayi ubansa wannan. Ta sa ya fito da harshe ta duba sama da ƙasa. Sannan ta ɗora yatsu uku a wuyan hannunsa na dama, ta rufe ido, ta daɗe, ta koma na hagu. Da ta buɗe ido sai ta ce, “Wa ya rasa kwanan nan?”

Na faɗa wa Baba. Ya ce, “Gaya mata uwarku.” Tun da ya zo ƙasar nan babu wanda ya tambaye shi wannan, har ni.

Ta yi mana bayani cewa a wurinsu baya ba ya ciwo shi kaɗai. Ƙoda da sanyi da barci da baƙin ciki duk gida ɗaya suke, in ɗaya ya karkace sauran sai sun ji. Ta ce akwai wani abu da ke zagaya jiki ta layukan nan na bango, in ya tsaya a wani wuri sai ciwo ya zauna, aikin allura shi ne buɗe masa hanya. Ta rasa sunan da za ta ba abin da Turanci, ta ce kamar iska yake. Ni kuma, gwanin tafinta, na juya na ce, “Baba, ta ce iska ce a jikinka.”

Baba ya fara laluben takalmi. “A'uzubillahi! Wurin 'yan bori ka kawo ni?”

Da ƙyar na zaunar da shi, na ce ba iskokai take nufi ba, ƙarfin jiki ne da ke yawo tare da jini. Ya harare ni ya ce to in riƙa faɗin magana yadda take. Muka yi dariya mu uku, ita ba ta ma san abin da ake wa dariya ba. Da ina da hankali, tun ranar zan gane cewa bakina ba abin dogara ba ne.

Alluran sirara ne kamar gashin doki. Ta tsira biyu a bayan gwiwa, biyu kusa da idon sawu, ɗaya a bayan hannu, ɗaya a kunne, sai 'yan kaɗan a kwankwaso. Baba yana kife yana magana cikin matashi: “Ciwo a baya, allura a ƙafa. Kai, matar nan ta san hanya.” Ya ce shi ma ai mai ciwon ido a ƙeya yake kafa masa ƙaho. Da ta zo kafa kofunan, ta zura wuta ciki ta kife a fata, naman ya taso ba tsaga ba jini, sai ya nemi a ba shi kofi ɗaya. Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa da farce, ya ce in gaya mata shi da ƙahon saniya yake yi, da bakinsa yake zuƙa. Ta cire tabarau ta dube shi da kyau, ta ɗan rusuna. Daga ranar ba ya kiranta komai sai “abokiyar sana'a”.

Kafin mu fita ta tsayar da ni ta lissafa mini abubuwa da yatsu. In ciwon yana tashinsa daga barci, in yana ramewa, in ƙafa ta fara mutuwa, in gaya mata nan take, don wannan ba na allura ba ne, na asibiti ne. Na ce to. Na iya cewa to, wallahi, babu wanda ya fi ni.

Ba zan ci haƙƙinta ba, makonni biyun farko Baba ya ji daɗi. Ya yi barci, ya taka da ƙafarsa har masallaci, ya koma tsokanar jikokinsa da ke amsa masa Hausa da Turanci. Ranar Talata tun da safe yake shiryawa, ya sa turare, kamar mai zuwa ɗaurin aure. A garin da kowa ke kallonsa tsohon da ba ya jin magana, ya sami mutum ɗaya da ta san shi gwani ne a wani abu.

Kowane zuwa da tambaya ɗaya take farawa, alƙalami a hannu: yaya jikin yau?

In ce, “Baba, ya jiki?”

Ya ce, “Da sauƙi.”

In juya in ce mata, “Better.”

Ta rubuta. Ta tambayi barci, ya ce alhamdulillahi, in ce yana barci. Ta tambayi ƙafa, ya ce ba komai, in ce lafiya lau. A kan abin da na ba ta take zaɓen inda za ta tsira allurar ranar.

A gida kuwa ina gani. Ba makaho ba ne ni. Na ga mazagin wandonsa yana ƙara tsawo. Na ga tuwo yana dawowa rabi, na ce garin semo ne bai saba da shi ba. Na ga ya koma salla a zaune, na ce sanyin daɓe ne. Na ga yana sauya riga da asuba don ta jiƙe da gumi, na ce na'urar ɗumama ɗaki ce ta yi yawa. Duk abin da na gani sai na ɗinka masa dalili. Wata rana maiɗakina, wadda aikinta ke nan kullum, ta tare ni a kicin ta ce, “Anya jikin Baba kuwa? Ni fa tafiyarsa ba ta yi mini ba.” Na hau ta da faɗa. Na ce ke kika fi shi sanin jikinsa? Shi da bakinsa ya ce da sauƙi. Ta ci gaba da yanka albasa. Gaskiyar ita ce na gaji, ina ɗaga akwatunan mutane awa goma a rana, kuma ina son a ce da sauƙi. Ana faɗa sai in cafe.

Tun daga mako na huɗu matar ta fara daɗewa a wuyan hannunsa fiye da da. Takan saki, ta sake kamawa, ta dubi takardarta, ta dube ni. Sau ɗaya ta ce hannu yana faɗin abu ɗaya, baki yana faɗin wani. Ta sake tambayata ko na tabbata ba ya ramewa. Na ce tsufa ne, kuma dama can ba mai jiki ba ne.

A mako na tara, bayan na ba ta amsar da na saba, ba ta rubuta ba. Ta ajiye alƙalamin.

“Kalmar nan da yake faɗa,” in ji ta, “kullum ita ce. Har na riƙe ta.” Ta gwada faɗinta da harshenta, ta fito a karkace, amma ita ce. “Na ji abin da yake cewa in ya sami sauƙi. To in ciwo ya ƙaru, me yake cewa?”

Na laluba duk Hausar da ke kaina. Sai na tuna muryar mahaifiyata a waya, kwana biyu kafin ta cika, numfashi yana sarƙe mata, na ce Inna ya jiki, ta ce da sauƙi. Na tuna duk majinyacin da na taɓa dubawa tun ina yaro, na kan tabarma da na gadon asibiti, wanda zai tashi da wanda ba zai tashi ba. Babu ɗaya da ya taɓa cewa wani abu daban.

Na ce, “Ita ce dai.”

“Ita ce me?”

“In ya ƙaru ma haka zai ce. Haka muke cewa.”

Ban taɓa ganin fushi a fuskar 'yar tsohuwar nan ba sai ranar. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauki takardar ta buɗe mini shafi-shafi, tana nuna inda ta rubuta kalmar da na ba ta, sau takwas. Ta ce, “Gaisuwa kake kawo mini, ni kuma ina rubutawa a matsayin amsa.” Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni da aka haifa a cikin yaren nan, na yi shekara goma sha takwas a waje, har na kai ga fassara shi kamar Baturen da ya koya a littafi. Sai da 'yar Caina ta nuna mini abin da kalmar uwata take nufi.

Daga nan ba ta ƙara tambayar Baba komai ba. Ni ta tsare. Me yake yi wata guda da ya wuce wanda yanzu ba ya iyawa? Na fara lissafi, abin yana fitowa kamar dama a bakina yake jira: masallaci, tsayuwar salla, tuwo, gumi, yadda yake jan ƙafar hagu. Ta sa shi ya hau sikeli, ta duba abin da ta rubuta ranar farko, ta cije leɓe. Ta kwantar da shi ta bi ƙashin bayansa da gaɓar yatsa tana ɗan bugawa, ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo wani wuri Baba ya ce “Wash!” da ƙarfi, irin sautin da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Ta ja farce a tafin ƙafarsa na hagu, bai motsa ba.

Ta mayar da alluran da ta riga ta fito da su cikin aljihun tebur. Ta rubuta wasiƙa ta ninke ta ba ni, ta ce asibiti, yau, daga nan, kada mu biya gida. Sannan ta tsaya gaban Baba, ta nuna ni da yatsa ta ce in faɗa masa daidai yadda ta faɗa, kada in gyara. Na ce, “Baba, ta ce wannan ya fi ƙarfin allurarta. Ta ce ta yi abin da za ta iya, sauran na masu hoton ƙashi ne, kuma tana roƙonka ka je.”

Na shirya jin rantsuwar nan tasa ta cewa ba ya komawa. Sai ya gyara hula ya ce, “Mai sana'ar da ya san inda wuƙarsa ta tsaya, shi ake bi. Mu je.”

A asibiti aka yi hoto, aka ɗebi jini, aka kwantar da shi. Bayan kwana uku aka ce ciwon daji ne, daga ƙasan mafitsara ya fara, ya hau ƙashin baya, yana danne lakar. Na tambayi likitar da ta yi mana bayani, da mun zo wata biyu baya fa? Ta ce ba za ta iya cewa zai warke ba, ciwon ya daɗe a jiki. Amma ƙila da ya ci gaba da tafiya da ƙafafunsa. Ƙila ta ce, kuma har yau ƙilan nan ba ta bar ni ba. Baba bai sake taka ƙasa ba. Wata huɗu ya yi a kwance, ana juya shi, ana yi masa abin da ya fi tsana a duniya, sannan Allah ya karɓi abinsa.

Na yi fushi da kowa a watannin nan. Da likitan farko da bai ɗaga kai ba. Da garin da ba ya ba mutum sararin duban ubansa. Da mu Hausawa da wannan ɗabi'a tamu, mutum yana ƙonewa yana cewa da sauƙi, a yaba masa haƙuri, a kai shi kabari. Har da Baban na yi fushi, kuma wata rana bayan la'asar, ina zaune gefen gadonsa ina ɓare masa lemo, abin ya kuɓuce mini.

Na ce, “Baba, don Allah me ya sa ba ka faɗa ba? Mako tara matar nan tana tambayarka. Da ka buɗe baki sau ɗaya ka ce ciwo yana ƙaruwa, da ba mu zo nan ba.”

Muryarsa ta riga ta zama siririya.

“In zauna gaban mace, gaban ɗana, in yi ta raki? In ce Allah bai yi mini sauƙi ba?” Ya numfasa. “Shekara arba'in ana kawo mini marasa lafiya zaure. Babu wanda na taɓa jin gaskiyar ciwo daga bakinsa, kuma ban taɓa nema ba. Shi nasa ya ce da sauƙi. In za su tafi sai ya yi gaba, wanda ya kawo shi, ɗa ne ko ƙane, ya tsaya baya kamar yana neman takalmi, ya ce mini, wanzam, jiya bai runtsa ba, kwana uku bai ci ba. Da wannan nake aiki. Amfanin ɗan rakiya ke nan.”

Lemon yana hannuna.

“Duk ranar da muka je wurin abokiyar sana'a,” in ji shi, “in an gama sai in riga ka fita, in tsaya a matakala ina gyara takalmi. Wuri nake ba ka. Sai in ji ka a bayana.”

Haka ne kuwa. Duk Talata ina bayansa a matakalar nan, ina duba waya, ina ce masa ya ɗan yi sauri kada bas ya wuce mu.